Soso a Rigar Gwaggo Tela

Duk layin ba mai kiranta da wani suna sai Gwaggo Tela, har mijinta in ya so tsokana haka yake ce mata. Shagonta ɗaki ne guda a ƙasan bene, tsakanin mai kitso da mai gyaran waya. Akwai keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka da ya sha alli har ya yi fari, da dogon madubi mai tsaguwa a kusurwa, da labulen da mata ke shiga bayansa su gwada kaya. A nan ta ƙarar da ƙuruciyarta, a zaune. Tana da hannu, wannan ko maƙiyinta ya sani, sai dai tana da baki ma. In mace ta dawo ta ce riga ta matse ta, Tela kan dube ta sama da ƙasa ta ce, "Riga tana nan yadda na yanka ta, ke ce kika ƙaru." Ita kanta mai faɗar kuwa kujerar keken da ƙyar take ɗaukarta. Kwalbar lemo ba ta rabuwa da gefen ƙafarta, soye-soye na nan a takarda kusa da almakashi, tafiyarta kuma daga keke zuwa gado ce.

Tana budurwa mahaifiyarsu ta rasu. Ba wanda ya gaya musu sunan ciwon. Abin da ta riƙe shi ne ɗaki a rufe, da tsummokan da ake wankewa a ɓoye, da wani wari da turare ya kasa dannewa.

Sai da ciwon ya dawo ta kan Yayarta sannan ta san sunansa, sankarar nono. A shagon nan ma ya fara nuna kansa, Tela ba ta gane shi ba. Yaya ta kawo yadi aka ɗinka mata riga, ta dawo da ita ta ce gefe ɗaya yana ja. Tela ta farke ta saki. Ta sake dawowa, Tela ta zagi yadin, ta ce irin na yanzu ne da ke tsukewa da ya ga ruwa, ta ƙara saki. Riga ta zauna daram, Yaya ta tafi tana yaba hannun ƙanwarta. Ran da aka kai ta asibiti, likita ya duba, ya tambaya me ya sa sai yanzu.

A wannan jinyar ne, wata rana da hantsi, Tela ta tare wata nas a baranda ta riƙe mata hannun riga.

"Don Allah 'yar nan, ki gaya mini gaskiya. Shi ya ɗauke uwarmu, ga Yayata a kwance. 'Ya ɗaya tal gare ni, mace. Me ake yi?"

Nas ɗin ta ajiye tiren da ke hannunta. "Gwaggo, kada in yi miki ƙarya, ba abin da ke hana shi gaba ɗaya. Amma akwai abin da ke rage haɗarin. Ki riƙa motsa jiki, ki rage ƙibar nan, balle yanzu da girma ya zo. Giya da taba a nisance su. In 'yarki ta haihu ta shayar sosai, kada ta yi gaggawar yaye. Babban abu kuma, tunda ciwon yana cikin danginku, ku riƙa zuwa ana duba ku, ke da ita, ko da ba ku jin komai. In hannunki ya taɓa wani abu, komai ƙanƙantarsa, kada ki zauna da shi."

Tela ta kwashe maganar tsaf, ta bar ta ƙarshen a inda aka faɗe ta. Wanda ya taɓa zaman jinya a irin wannan baranda ba zai yi saurin ganin laifinta ba. Tafiya za ta iya, yunwa za ta iya. Ta dawo nan da ƙafarta, ta kwanta a gadon nan mai leda, a ɗaga mata hannu ana lalube ana shiru, wannan ne zuciyarta ta ƙi. Yaya ta rasu ba da jimawa ba, Tela ta dawo gida da tsoro guda a ƙirjinta: kada ta zama ta uku, kada 'yarta Auta ta zama ta huɗu.

Ana share makoki ta shiga yaƙi, ba ji ba gani. Gari na wayewa ta ɗaure takalmin roba ta fita, ta bi bakin titi har tankin ruwa ta dawo, tana haki tana sharce gumi da gefen mayafi. Mai kitso, da ke share ƙofar shagonta a lokacin, takan ɗaga tsintsiya ta ce, "Tela, wa ya biyo ki ne?" Ita kuwa sai ta ce, "Wanda ya biyo ni ke ma yana bayanki, zauna nan ki yi ta tara kitse." Lemon kwalba ya bar shagon. A gida mai ya koma ɗigo, tukunya ta cika da ganye da wake, har mijinta, mai gyaran famfo, ya ce shi dai bai san ranar da ya zama akuya ba. Tabarsa kuwa ta tsoma kwalin gaba ɗaya a bokitin wanki.

"Haba Gwaggo Tela," ya ce, yana tsamo kwalin yana ɗiga. "Ni kuma ina nawa nonon yake?"

"Hayaƙin naka wa ke shaƙa in ba ni ba? Baban Auta, ka zaɓa, ko ni ko ita."

Ya zaɓe ta, bayan ya ɗan yi satar sha a bayan gida na wani lokaci.

Masu kawo ɗinki ma ba su tsira ba. Tef na zagaye da ƙirjin mace, Tela na yi mata huɗuba. Wata dattijuwa mai carbi a hannu ta tambaya, ba ko kunya, ko tana ɗan taɓa giya. Matar ta naɗe yadinta ta fita, har yau ba ta ƙara bin layin ba.

Wadda ta fi shan wuya ita ce Auta. Malamar makarantar firamare ce, tana aure a unguwar da ke gaba da tasu. Da ta haihu, hutun haihuwa ya ƙare, ta ce za ta haɗa wa jaririyar da madarar gwangwani ta yaye ta da wuri, don aiki ba zai bari ba. Tela ta ce sam. Ta karɓi renon da kanta, ta shimfiɗa wa jikar katifa a ƙarƙashin teburin yanka. In lokacin hutun tara ya yi sai ta rufe shago, ta goya yarinyar, ta taka da ƙafa har makarantar, ta tsaya a bakin ofishin malamai kamar mai gadi har sai an sha an ƙoshi. Malamai suka riƙa yi wa Auta dariya. Auta ta yi fushi, ta yi magiya, ta yi kuka, Tela ta yi kunnen uwar shegu da ita.

Abin ya karɓe ta, gaskiya. Jiki ya sauka, gwiwa ta daina ciwo, ta rage wa zannuwanta faɗi, tana hawa bene ba ta tsayawa hutu. Mai kitso da kanta ta fara binta zuwa tankin ruwa. Tela ta fara barci mai daɗi. A ranta ta gama ɗauka cewa ta rufe ƙofa ta sa sakata, ciwon nan ya ga gidanta ya wuce.

Wata safiya tana wanka, hannunta ya bi ta gefen hagu da sabulu ya tsaya. Wani ƙullutu ne kamar ƙwayar wake, mai tauri, ba ya zafi, ba ya gocewa in an danna. Ta cire hannun. Ta mayar. Yana nan. Ta tsuguna a banɗakin da kumfa a jiki har ruwan bokitin ya huce, mijinta yana buga ƙofa yana cewa ko ta faɗa ciki ne.

A nan ta yi lissafin da ya cuce ta. Ta ce tunda tafiya tana hana shi zuwa, to ƙarin tafiya zai kore shi. Ai kitsen cikinta ma da ƙafa ta narkar da shi, wannan ɗan abin nawa yake? Ta ƙara ta yamma a kan ta safe. Ta wuce tankin ruwa, ta wuce tashar mota, ta kai har inda gidaje suka ƙare, mai kitso ta gaji ta daina binta. Ta daina sukari ko a shayi. Tana tafe tana roƙon Allah, leɓɓanta na motsi, masu wucewa na kallonta. Kowace safiya ta sa hannu da fatan ya tafi, kowace safiya yana nan, sai ma ƙaruwa da yake yi. Fatar wurin ta fara yin rami-rami kamar ɓawon lemo. Ba ta gaya wa kowa ba. Da wane baki? Ita da ta cika wa mutane kunne, ita da ta hana miji taba, ta hana 'ya sakat?

Ran da ta sa rigarta ta ji gefen hagu yana ja, sai da ta dafa bango. Ta san wannan jan, ta taɓa gyara shi a jikin wata. Duk da haka, da rana tsaka ta sakaya ƙofar shago, ta tuɓe rigar a bayan labule, ta zauna a keke. Ta farke gefen hagu ta saki. Ta ɗauko irin soson da take sa wa kafaɗar riga, ta yanka shi siriri, ta fere bakinsa, ta cusa shi tsakanin yadi da shafi a gefen dama don biyun su zo daidai, ta bi shi da ɗinkin hannu ƙanana. Ta tsaya gaban madubi. Ba mai cewa akwai wani abu. Aikin ya yi kyau, abin takaicin ke nan. A hankali ta bi duk rigunanta ta yi musu haka, in abin ya ƙaru ta ƙara soso.

Guga ce ta tona ta. Ranar da babu makaranta Auta ta zo gida da yarinya, ta tarar da wanki jibge a kan gado, ta ce bari ta rage wa Umma aiki. Dutsen guga ya bi ta ƙirjin wata riga, sai ƙauri ya tashi, irin na roba. Auta ta juya rigar. A shagon nan ta girma, ta san ɗinkin uwarta ko a cikin dubu, ta kuma san labarin rigar yayar uwarta, don Tela ta sha ba da shi tana kuka. Ta ɗauko ta biyu ta juya. Ta ɗauko ta uku. Ta buɗe durowa ta zazzage.

Tela ta shigo daga tafiyar yamma, gumi na tsiyaya, ta tarar da rigunanta a baje a ƙasa, duk a juye, Auta na tsaye a tsakiyarsu.

"Umma, mene ne wannan?"

"Wa ya sa ki taɓa mini kaya?"

"Umma, me soso yake yi a gefe ɗaya?"

"Yayi ne. Ke me kika sani a ɗinki?"

"Cire rigar jikinki in gani."

"Ke Auta, ni kike gaya wa haka? Ni na haife ki fa."

"Shi ya sa. Cire, ko in kira Baba ya zo ya ga abin da na gani."

Tela ta zauna a bakin gado. Ta kasa ɓalle maɓallin, sai Auta ce ta ɓalle mata. Da ta gani, ba ta yi ihu ba. Ta ja da baya har ta jingina da ƙofa, ta sulale ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Tun yaushe?"

"Ya ɗan jima."

"Umma, tun yaushe?"

"Tun yarinyar nan ba ta fara rarrafe ba." Yarinyar kuwa tana tsakar gida a lokacin, tana bin kakanta da gudu. Tela ta yi saurin ƙarawa, "Amma ina ƙoƙari, Auta, wallahi ina ƙoƙari. Kin ga yanzu har bayan tasha nake kaiwa. Ki ba ni ɗan lokaci, zai sauka. Kada ki kai ni wurin nan. Duk wanda na raka can ban dawo da shi ba."

Washegari suka kai ta, Auta da mai gyaran famfo, wanda tun da aka gaya masa bai ƙara yin wasa ba. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, aka ce su jira. Ran da sakamako ya fito Auta ce ta raka ta, da yarinya a baya. Likitar mace ce, mai furfura a goshi, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce shi ne. Ta ce ya kai hammata. Za a yi aiki, za a bi da magani mai wahala, za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ba za ta yi alkawarin abin da ba ya hannunta ba.

"Likita, na yi tafiya fa," in ji Tela, kamar mai kare kanta a gaban alƙali. "Tambayi 'yata. Ba na shan zaƙi, ba na cin maiƙo. Ba abin da aka ce in yi da ban yi ba."

"Tafiyar ba ta tafi a banza ba, Gwaggo. Jikinki yana da ƙarfin ɗaukar magani, wannan babban abu ne. Amma waɗannan abubuwa haɗari suke ragewa tun bai zo ba. In ya riga ya zo, ba sa narkar da shi. Sai an gan shi, an cire shi, gwargwadon saurin ganinsa gwargwadon sauƙin aikin." Ta juya ga Auta. "Ke ce 'yarta? An taɓa duba ki?"

Auta ta miƙe ta fita.

Tela ta same ta a baranda, tsakanin mutanen da ke zaune a benci suna jiran kira. Fuskarta ta kumbura don ɓacin rai.

"Na gama, Umma. Yau zan yaye yarinyar nan. Zan ci abin da na ga dama, in sha abin da na ga dama, in kwanta in yi ƙiba. Ke da kika yi duka, me ya hana? Kin hana kowa sakat, kin mai da ni abin dariya a wurin aiki, ashe kina nan kina yi wa ciwo ɗinki!"

"Faɗi, ki ƙara. Na ci a faɗa mini."

"Ba abin da zan ƙara. Mu tafi gida."

"Ki koma ta duba ki."

"Ba inda zan koma."

Sai Gwaggo Tela, wadda ba ta taɓa ba mai ɗinki haƙuri ba ko da ita ce da laifi, ta durƙusa a kan simintin barandar, a gaban jama'a, ta kama gefen zanen 'yarta da hannu biyu. Wata mata a benci ta yi salati. Auta ta sunkuya tana jan ta, tana cewa Umma tashi, Umma mutane na kallo, Tela ta ƙi.

"Abu ɗaya aka ce in yi na ƙi, shi ne wannan. Sauran duk gaskiya ne, kada ki zubar da su don haushina. Amma wannan ne na ƙi, ga shi kin ga inda ya kai ni. Don girman Allah, Auta, ki shiga."

Auta ta tsaya cak. Hawaye suka zubo mata, ta ce a hankali, yadda uwar kaɗai za ta ji, "Umma, in aka samu fa?"

"To a same shi yana ƙarami."

Auta ta kwance goyon ta miƙa mata. Ta shiga, ƙofa ta rufe.

Tela ta zauna a ƙarshen benci da jikar a cinya. Yarinyar ta ji yunwa, ta fara ƙananan kuka tana tura kai cikin ƙirjin kakarta, daidai gefen hagu. Zafin ya ratsa Tela har ƙeya, ba ta janye ta ba, don ba ta ma da hankalin janyewa. Idonta na kan ƙofar. Aka kira wani suna a ɗakin da ke gaba, aka turo wani a keken marasa lafiya aka wuce, mai shara ta zo ta ce a ɗaga ƙafa. Duk addu'ar da ta sani ta ɓace mata, sai "Ya Allah, ban da ita" kawai take maimaitawa.

Ƙofar ta buɗe. Auta ta fito tana gyara mayafi, idonta jawur.

"Ta ce ba ta ji komai ba. Za su yi mini hoto don a tabbatar, kuma in riƙa zuwa a kai a kai. Na ce zan riƙa zuwa."

Tela ta saki wani dogon numfashi. Auta ta zauna kusa da ita, ta karɓi yarinyar, ta rufa mayafi ta sa mata nono, ba wanda ya ce ta yi. Suka zauna suna jin yadda take haɗiya.

A wannan zaman ne abin ya sauko wa Tela. Tun rasuwar Yaya take fama da tsoro, amma kullum da aikin da za ta ba shi, ko tafiya, ko faɗa, ko ɗinki. Yanzu ba sauran abin yi, sai ita da abin da ke ƙirjinta. Ta laluba ta kama hannun 'yarta.

"Za su yanke, ko?"

"Za su yanke, Umma."

"Auta." Muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya. "Tsoro nake ji. Wallahi ba na son in mutu."

Auta ta buɗe baki za ta ce ba za ki mutu ba, ta tuna fuskar likitar, ta kasa. Ta jawo kan uwarta ta ɗora a kafaɗarta, hannu ɗaya na riƙe da mai shan nono, ɗayan na riƙe da ita, Tela kuma ta yi ta kuka da ƙarfi a cikin mutane, ba ta ko rufe fuska ba.